Mu Biyu Muka Rage a Ɗakin Wankin Ƙoda

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Shekaruna saba'in da huɗu, kuma ba tausayi na zo nema ba. Shawara nake so, daga wadda ba ta san fuskata ba. Na shugabanci makaranta shekara talatin, ban taɓa kai kukana ga kowa ba sai yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana yi mini wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Mu shida muka fara a ɗakin, kowa da kujerarsa, awa huɗu inji yana gurnani a gefensa. Ba na shiga hirarsu, littafi nake kaiwa. Sai dai wata tela da ke hagu da ni ba ta san kawaici ba. Ita ta laƙaba mini Hedimasta, wai ko injin ma tsorona yake ji. Ni kuma nake karanta mata takardun magani, don idonta ya yi rauni.

Huɗu sun rasu. Ba a sanar da mu, sai dai mu tarar da baƙuwar fuska a kujerar mutum. Watan jiya telar ta daina tsokanata, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na san alamar.

Mako uku ke nan abinci ba ya shiga bakina, 'yata kuma ta ce nakan wuni ban furta kalma ba. Ki faɗa mini ko tsufa ne. Amma kada ki ce in koma Litinin da Alhamis, domin ba zan zauna in ga ta biyar ba. Na riga na sa an mayar da ni Talata da Juma'a, ban kuwa yi mata sallama ba.

Tsohuwar shugabar makaranta

Mama,

Tunda kin hana tausayi, ga gaskiya. Wadda ta ga huɗu sun tafi ba a zarginta don ta kau da kai. Amma wannan ba tsufa ba ne, kewa ce. Matar nan kaɗai ta san nauyin da kike ɗauke da shi ba sai kin yi bayani ba.

Ki kuma duba nata ɓangaren. Ta zo ranar Litinin ta tarar da baƙuwar fuska a kujerarki. Kin san ma'anar hakan a ɗakinku. Mai yiwuwa makokinki take yi.

Ban ce ki sake sauya rana ba. Ki je mata dubiya, ko ta minti goma ce, ta gan ki da ranki. Kumburin ƙafa ba hukunci ba ne, rai na hannun Allah. Rashin cin abincin kuwa, ki faɗa wa likitanki a wannan makon, mai wankin ƙoda ba ya wasa da shi.

Allah ya ba ku sauƙi, ke da ita.