Kwamfutar da ke mutuwa da azahar

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau dai na gano ta. Kwana huɗu kwamfutar ƙungiyar manoman rani tana mutuwa, kuma kullum da azahar, bayan na tashi. In na zauna gabanta, lafiya lau. Har na fara zargin zafi, na zargi janareta. Ga shi gobe za a buɗe wa Birnin Tudu ruwan madatsar Bakolori, jerin wanda zai fara sha kuma yana cikin faifan ajiya da ake jona wa kwamfutar.

Yau na ƙi tashi, na zuba ido. Ana kiran salla sai Baba Isa, magatakardan ƙungiya, ya zare faifan, ya sa aljihu, ya nufi masallaci. Allo ya yi baƙi.

Ashe laifina ne. Direban da na rubuta, wato manhajar da ke magana da faifan, yana bin wani manuni zuwa inda faifan yake. In aka zare, manunin ba ya nuna komai, shi kuwa direba ya kai hannu ba tare da ya duba ba. Layi ɗaya na ƙara: in babu, dakata.

Na ce, "Baba, ka riƙa barin shi a jone."

Ya ce, "Ɗana, in bar rabon ruwan mutane bisa tebur in tai masallaci?"

Yau kam aiki ya tsare mu har yamma. Da la'asar ya zare abinsa, kwamfuta ta jira shi har ya dawo.