Tunkiyar da Inna Ta Ba da Habbanaye

Dogon Dutsi

Zuwa ga Yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da Shamsiyya da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Abijan. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, an gama girbin gero, bana garinmu Matankari ta samu ba laifi. Na rubuto ne domin duk sanda ka kira a waya kuka yake cin ƙarfina, ka kashe ba ka ji komai ba sai "da sauƙi". Yau zan gaya maka yadda ciwon Inna ya zo.

Ka tuna kuɗin da ka aiko mata bara na maganin tansiyo, hawan jinin nan nata? Ka san Innarka, ita da kuɗi ba sa kwana ɗaki ɗaya, ko mai biki ya zo ko mai suna. A ƙauye babu wurin ajiya, banki sai nan Dutsi, ita kuwa ko katin shaida ba ta da shi. Sai ta sayi tunkiya, tana dariya tana cewa ga bankinta mai ƙafa huɗu. Har nan ban ga laifinta ba. Amma da mijin Karima maƙwabciyarta ya rasu, tausayi ya kama ta, ta ba ta tunkiyar habbanaye: ta riƙe har ta haihu ta yaye, ɗan ya zama nata, uwar ta dawo.

Damina na faɗuwa maganin ya ƙare, tunkiya kuwa ga ciki. Habsatu, matar ƙanenmu Mukhtar, ta ce a karɓo ta a kai kasuwa. Inna ta rufe ta da faɗa, wai wa ya taɓa karɓe habbanaye da ciki, so ake a yi da ita a bakin rijiya? Ta kuma hana a gaya mana, wai kai ka riga ka yi naka. Ranar kasuwa ta ba Habsatu kwalin da ya ƙare ta kai wa mai tallar magani a tire. Ya ba ta wata ƙwaya mai araha, ya ce duk ɗaya ne. Suka duba da ido: fara ce, ƙarama ce, ga tsaga a tsakiya, kamar waccan. Mutanen da ke gidan Inna kaf babu wanda ya taɓa zama lakwal, wato makarantar boko, balle ya karanta abin da ke jikin takardar. Inna ta yi ta sha da bisimilla kowace safiya, har ranar da ta faɗi a bakin turmi. Da aka kawo ta gidan likita na nuna wa majo, babban ma'aikacin jinya, ƙwayar, ya ce ta ƙaiƙayin jiki ce. Yaya, abin nan yana cina. Matar da ta kula da ranta haka, ba ta taɓa tsallake safiya ba, a ce abin da take haɗiya ke nan.

Yanzu hannun dama da ƙafa sun shanye, magana da ƙyar. Abu biyu nake roƙonka. Ka yarda in buɗe asusun waya da sunana, ka riƙa turowa, ni in sayo magani a farmasi in kai mata da hannuna. Sannan ka yi wa Mukhtar magana ya sa 'yarsa Rumaisa'u lakwal bana. Ni in na faɗa sai ya ce surutun 'yan birni ne, taka kuwa yana ji.

Tunkiyar ta haihu, tagwaye. Ina can ƙauye bayan an sallami Inna, sai ga Karima ta jawo ta da 'ya'yan har ƙofar ɗaki tana kuka, ta ce a sayar da su duka a yi magani. Inna ta daɗe tana kokawa da harshenta, muka kasa kunne, muna zaton ruwa take so. Ashe cewa take a mayar, ba a yaye ba. Mun mayar.

Ka gaishe da Shamsiyya, da Luƙman da ƙannensa. Mukhtar da Habsatu suna gaisuwa. Inna ma, da na ambaci sunanka, ta ɗaga hannun hagu.

Ƙanwarka,
Rahina