Faifan Habiba da Faifan Surajo

Dangora, Afrilu 1999

Zuwa ga uwata Habiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin Kano? Mu nan lafiya lau, ban da kwamfutar da kika kafa mana a ofishin ƙungiyar manoma. Ubanki ya kwantar da ita da yatsa ɗaya.

Kin san takardarmu ta neman irin masara ta ƙi tafiya cibiyar binciken noma ta Ibadan ta kwamfutar, kuma sun ce da ruwan farko ya sauka sun rufe karɓa. Faifan nan mai bin sawun saƙo ya nuna inda yake maƙalewa, wanda kika aiko ta hannun Shitu direba, na saka shi yadda kika rubuta. Ban kai ga gwadawa ba sai ga Surajo ɗan yayana daga Zariya. Ya zaro nasa faifan, ya ce shi ma mai bin sawu ne, har ya fi gudu. Ya bar min ya wuce Tudun Wada.

Ina saka shi na'urar ta rubuto da Turancin da ko ni mai aji huɗu na gane, wai su biyun ba sa zama tare, in cire ɗaya. Na ce da ita wa ya tambaye ki? A gidana ba a korar baƙo don wani baƙon ya zo. Na tuna kalmar tilastawa da na ga kina bugawa ranar kafawa, na buga. Ta karɓa. Tun daga nan duk abin da na ce mata sai ta zubo min faɗa.

Ki taimaki sakataren da manoma suka fara yi wa kallon ɓarawon iri.

Ubanki, Maikano

Kano

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. A gaishe da Inna.

Baba, na ce kada a taɓa komai bayan abin da na rubuta. Manhajojin nan biyu aikinsu ɗaya, sunansu ɗaya, kuma wurin zamansu a cikin kwamfutar ɗaya ne. Shi ya sa ta hana ka. Da ka tilasta, ta Surajo ta hau kan tawa ta goge rabinta. Yanzu kana ba ta umarnin tawa, ta Surajo ce ke amsawa, kuma ba ta san shi ba. Kwamfutar ba za ta yarda a saka mata wani abu ba sai an raba su.

Ka cire ta Surajo, ka sake saka tawa. Na rubuta yadda ake yi a bayan takardar nan. Ba zan samu zuwa ba sai ƙarshen wata.

'Yarka, Habiba

Dangora

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na sha faɗa a zaune.

Shekarar da shanunmu suka ɓata wajen Falgore, masu bin sawu biyu na ɗauka, Hamman da Sabo. Ba sa ga maciji da juna, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi kudu, amma kwano ɗaya suka ci tuwo da yamma. Mutane ke nan masu zuciya. Wannan akwatin da ba ya ci ba ya sha, shi ne zai ce min ba shi da wurin mutum biyu?

Ba a iya raba musu, ɗaya safe ɗaya yamma? Ki duba min. In na cire na Surajo, labari zai riga ni isa gidan yayana a Ƙofa. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa.

Ubanki, wanda ilimi ya gaisa da shi daga nesa

Kano

Baba,

Ina gaisuwa. Akwai yadda ake sauya wa ɗaya suna su zauna, amma ba aikin da zan koya maka ta hannun Shitu ba ne. Ka cire ɗaya kawai.

Tun ina ƙarama in an yanka kaza cinyar ta Surajo ce, ban taɓa magana ba. Wannan karon aikina ne, kuma irin mutane ne zai salwanta.

Habiba

Dangora

Uwata, mai sunan mahaifiyata, mai haƙuri,

Bayan gaisuwa, ki zauna kafin ki karanta.

Na zauna zan cire na Surajo, takardarki a hannuna, sai ga shi ya dawo daga Tudun Wada ya tsaya a kaina. Ya ce, "Baba, wanne za ka cire?" Ke kin san ba a fifita ɗan ciki a gaban ɗan ɗan'uwa. Yatsana da kansa ya tafi kan naki. Na cire.

Surajo ya sa nasa ya bi sawun. Saƙon yana fita daga nan lafiya, ya isa tasha ta biyu ya tsaya cak. Na ce ina ne nan? Ya ce na'urar kamfaninku ce ta Kano, wadda ke hannunki.

To ga ni. Na kori 'yata da safe, da azahar ina ƙofarta da hula a hannu. Jiya an yi yayyafi. Na ce wa manoma wannan ba ruwa ba ne, raɓa ce ta yi kuskuren lokaci.

Ubanki, Maikano

Kano

Baba,

Ina gaisuwa. Na duba, gaskiyar Surajo ce, na gyara. Takardar ta isa Ibadan, sun amsa, kuna ciki.

Faifaina kuma kada a ba Shitu. Ka kawo min da kanka.

Habiba

Dangora

Uwata,

Allah ya yi miki albarka. Ruwa ya sauka sosai. Manoma sun cika ofis suna yi min godiya, na karɓa ban musa ba.

Ina tafe ranar Asabar da faifan. Ki tanadi duk abin da za ki faɗa, tun daga kan cinyar kazar, zan zauna in ji. Roƙona ɗaya, kada a yi a gaban abokan aikinki, na riga na gaya musu ni na koya miki kwamfuta.

Ubanki, Maikano