Takardar da Ban Liƙa a Shagon Verna Ba

Ardell, 14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya tsare ka a tekun Alaska da ka nace sai a cikinsa za ka nemi abinci. Mu nan lafiya lau muke. Ƙanƙara ta narke, alkama ta yi kore shar. Gwiwar Mama tana nan yadda ka bar ta, ba ta hana ta zuwa coci ba, balle ta hana ta faɗa. Maigidana Royce kuwa tun da shanu suka fara haihuwa sai lokacin cin abinci nake ganinsa.

Da hannu na rubuto maka saboda in na kira ka a waya za ka yi ta katse ni da barkwancinka, maganar kuma ba ta dariya ba ce. An rufe tashar kashe gobara ta kan tudu, wadda Baba da Baffa Orval suka gina da hannunsu. An sauko da motar zuwa gari. Kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, gara ka ji daga bakina.

Ka san shekara shida ke nan ina sakatariyar hukumar kashe gobara ta gundumarmu. Doka ta ce in kwamishinonin nan uku za su yi taro na musamman, sai an liƙa sanarwa a ƙofar wurin taron, an sa a shafin intanet, aƙalla awa ashirin da huɗu kafin a zauna. To amma ni da kai mun san ba wanda ke karanta ƙofar sabuwar tashar da ke cikin gari sai iska. Mutanen tudu allon shagon Verna mai abincin dabbobi suke dubawa, inda ake cigiyar kare da tallan ciyawa da sanarwar jana'iza. Lokacin da Baba yake riƙe da aikin nan bai taɓa tsallake allon ba, ko da yake ba dokar da ta sa shi.

Ranar wata Litinin shugaban hukumar, Curtis Halvorsen, ya kira ni ya ce za a zauna Laraba da ƙarfe biyu a kan rufe tashar tudu, don 'yan sa-kai huɗu suka rage a can, ƙaraminsu ma ya haura sittin. Ya ce in yi abin da doka ta ce kawai, kada in ƙara gishiri. Duk da haka kwafi biyu na buga. Washegari da tsakar rana na liƙa ɗaya a ƙofar tasha, har na ɗauke ta hoto da wayata, na ajiye ɗayar a kujerar mota na nufi shagon Verna. Ina isa sai na hangi a-kori-kurar Baffa a bakin ƙofa. Nan take na tuna zaman bara, da mutanen tudu suka riƙe mu awa huɗu cur, Baffa yana ta maimaita labarin gobarar shekaru talatin da suka wuce, ni kuma ina rubutu har yatsuna suka ƙage. Na rage gudu, Wendell, har na kunna sigina. Sai na ce wa kaina gobe da safe na dawo, na taka mota na wuce. Ba mantuwa na yi ba. Gajiya ce da son raina, kuma tun a lokacin na san ba zan dawo ba.

Taron minti goma sha tara ya ɗauka. Kujeru arba'in na jera, ba wanda ya zauna a ko ɗaya. Kwamishinoni biyu suka ɗaga hannu, ɗaya ya ƙi, na rubuta, aka tashi.

Baffa bai ji komai ba sai ranar Juma'a, da 'yan sa-kai biyu suka hau tudu ɗaukar motar, suka tarar da shi yana wanke ta. An ce bai yi gardama ba. Ya miƙa musu makulli, ya ce su lallaɓa giya ta biyu don tana da taurin kai irin na mai ita. Asabar da safe sai ga shi a kicin ɗina da littafin doka duk ya ja layi da jan biro. Ya karanta cewa in sanarwa ta saɓa ƙa'ida, duk abin da aka yanke ya rushe. Fuskarsa har da fara'a. Ya ce in zuba masa kofi in ɗauko takarduna, wai shi ya san Curtis tun yana yawo da majina, ɗan banzan yaron nan bai taɓa yin abu a kan lokaci ba, ko awa ɗaya aka makara mun kama shi. Ya ce shi da 'yar ɗan'uwansa za su koya wa mutanen gari hankali.

Na nuna masa hoton da ke wayata, da lokacin a jikinsa. Awa ashirin da shida kafin taron, ba kuskure ko na ɗigo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko allon Verna ya faɗi ne bai sani ba. Da na ga dama da na ce aiki ya sha kaina, kuma na san zai karɓa. Amma na kasa, na faɗa masa gaskiya, har da siginar da na kunna. Ya shanye kofinsa, ya wanke kofin da kansa, ya ce lallai na iya aikina, ba mai cewa ban iya ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu daga gari zuwa tudu mota mai cike da ruwa sai ta yi minti talatin da biyar, gidaje goma sha ɗaya ne a can, alkama kuma a Yuli take bushewa. Na sa maganar cikin zaman watan Mayu, na liƙa sanarwa a shagon Verna da coci da gidan waya. Amma Curtis ya ce an wuce wurin, Verna kuma ta ce mutanen tudu cewa suke me za su zo yi, ai an riga an gama da su. Shi kuwa Baffa, da shekarunsa tamanin da ɗaya, ya ɗaura garma a tarakta yana nome ƙasa kewaye da gidansa da na Ione, matar marigayi Purcell, don in wuta ta zo ta rasa abin ci. Shi kaɗai yake yi. Royce ya yi masa tayin taimako ya ce ya gode. Kai yana jin maganarka, don haka nake roƙonka, in da hali ka zo a Yuni ka karɓe shi aikin nan kafin ya kifar da kansa a gangare.

Ranar Lahadi na hau da kaina, na tsaya a bakin shinge ina ɗaga masa hannu. Ya gan ni sarai. Ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, irin gaisuwar da muke yi wa kowace baƙuwar mota a hanya, ya juya tarakta ya kama wani layin.

Ka gaishe mini da Noreen, da Clay, da 'yar autarku Maren. Mama da Royce suna gaishe ku ƙwarai. Baffa bai ba ni saƙo ba, don bai san ina rubuto maka ba. Ka kira shi da kanka, kuma kada ka ba shi haƙuri a madadina.

Taka yayarka,
Lorna