Sau Ɗaya Ta Tambaye Ni

Laraba, 24 ga Nuwamba, 1926
Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya yi kamar kaza ta bi ta kan takarda. Shekara arba'in da ɗaya ina taka ƙanƙarar Minnesota ta Amurka, tun da na baro Sweden da akwati ɗaya, sai shekaranjiya ta ga damar kayar da ni. A ƙofar kantina kuma, gaban maƙwabciyata Alfrida, wadda bakinta ba ya rufuwa. Likita ya ɗaure hannuna na dama, ya ce mako shida. Na ce masa kifi bai san mako shida ba.

Busasshen kifin ya iso, yana jingine a ɗakin ƙasa kamar itacen girki. Ranar tara ga Disamba dole ya shiga ruwa, daga ruwa zuwa toka, daga toka a koma ruwa. In aka makara, gida sittin a garin nan za su yi Kirsimeti babu kifin toka na Tekla, wato nawa. Tun mijina Gottfrid yana da rai ba a taɓa yin haka ba.

Lahadi, 28 ga Nuwamba
Bayan coci na ci abinci gidan ɗana Helmer. Matarsa Delia, 'yar mutanen ƙasar Ayilan ɗin nan da ya kwaso, ta dubi hannuna ta ce, "Mama, in zo in jiƙa miki kifin bana?"

Na ce, "A'a, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki." Abin da duk mai tarbiyya zai ce ke nan. Na gyara zama ina jiran tayi na biyu.

Ta ce, "To." Ta tashi ta kwashe kwanuka.

To! A ƙauyenmu ko dodon tatsuniyar kakata, in ya kama mutum zai cinye, sai ya yi masa tayin fate sau uku. Na farko ka ƙi, na biyu ka ƙi, na uku ka ce, "To, ɗan kaɗan, tunda ka matsa." Wannan yarinya sau ɗaya take tambaya, kamar ɗan sanda.

Talata, 30 ga Nuwamba
Ba ta sake tambaya ba.

Alhamis, 2 ga Disamba
Helmer ya shigo yana murza hula, na san da magana. Wai akwai kamfani a Minneapolis da ke sayar da kifin a jiƙe cikin ganga, waya kawai za a buga. "Mama, ki huta mana. Kowa ma haka yake yi yanzu."

Na ce, "Kowa ne ya haife ka?"

Ya ce, "Ai Delia ta yi miki tayi, kin ce a'a."

Ja'iri! Shi ya fi kowa sanin irin wannan a'ar, da ita na yaye shi. Ya yi shiru ne saboda ranar da gangar kamfani ta shigo kantin nan, nawa gangunan sun zama na tarar ruwan sama har abada. Ya ce in ranar tara ta yi kifi bai shiga ruwa ba, zai buga wayar. Na ce ya je ya buga kansa da bango.

Asabar, 4 ga Disamba
Na sauka ɗakin ƙasa ni kaɗai, na danne kifi da gwiwa, na ja zarto da hagu. Kifin ya tsallake ya bugi tulu. Na zauna kan matakala na zagi kifin, na zagi ƙanƙara, na zagi Gottfrid da ya mutu ya bar ni da hannu ɗaya. Allah ya yafe mini na ƙarshen.

Litinin, 6 ga Disamba
Delia ta zo sayen garin alkama. Na yi nishi. Na shafa hannun. Na ce, "Kifin nan dai yana can ƙasa, bawan Allah." Ta ce, "Ayya, sannu Mama," ta ɗauki garinta. Ko dutse na yi wa wannan nishin da ya motsa.

Alfrida ta ce, "Ke ma Tekla, ki roƙe ta mana." Ni? Ranar da kantin nan ya ƙone rabi ban roƙi ko guga ba.

Laraba, 8 ga Disamba
Gobe tara.

Alhamis, 9 ga Disamba
Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake karantawa ba.

Da hantsi na sa hular coci na tafi gidan. Tana wanki. Na tsaya a ƙofa na ce, "Delia, ki zo ki jiƙa mini kifi."

Ta tsame hannu daga kumfa. "Da gaske, Mama? Hannuna ba zai ɓata shi ba?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

Ta ce, "Shekara uku ina miƙa miki abu kina cewa a'a. Gahawa a'a, ƙarin nama a'a, kujera mai laushi a'a. Na ɗauka ƙyamar hannuna kike."

Na ce, "Shekara uku ina fita gidan nan da yunwa! Ba a koya muku tayi na biyu ba ne a garinku?"

"A gidanmu mu goma sha ɗaya ne, Mama. Wanda ya ce a'a, kafin ya rufe baki wani ya cinye."

Ta yi dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba. Amma da Helmer ya leƙo, ta juya ta ce, "Kai ka sani, ko? Ka sani ka yi shiru!" Ta jefe shi da jiƙaƙƙiyar safa. Wannan kam na ga abin dariya.

Kafin la'asar kifi ya shiga ruwa, ganga huɗu. Yankanta da zarto a karkace yake.

Laraba, 15 ga Disamba
An sa toka. Delia ta toshe hanci da gyale, wai warin zai tayar da matattu. Na ce warin nan ne ya yi wa mijinki takalmin makaranta. Tana zuba ruwa kamar mai wankan doki, tana waƙa, tana kiran kifin da sunayen dattawan cocinmu. Babu natsuwa ko kaɗan.

Asabar, 18 ga Disamba
Na ce a bar shi cikin toka sai gobe. Ta danna tsokar da yatsa ta ce, "Mama, ya yi fa. Gobe kunu za mu tarar." Na ce shekara nawa ta yi tana wannan aiki? Na danna da hagu, hagun bai gaya mini komai ba. Na ce ta fitar, in ya lalace a wuyanta.

Alhamis, 23 ga Disamba
Layi har bakin titi. Delia na naɗewa, ni ina zaune ina tsawa.

Alfrida ta ɗaga nata, ta shinshina, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Bana dai sai haƙuri, an ce baƙon hannu ne ya taɓa shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Alfrida, ajiye kifin nan. Jirgi ɗaya muka hau da ke, kina amai a kan cinyata, wace ce ba baƙuwa ba a nan? Hannun gidana ne. In bai yi miki ba, ga hanyar Minneapolis can." Ta ƙanƙame ƙunshinta ta fice kamar an biyo ta.

Na dafa yanka ɗaya da rana don in ga abin da yarinyar ta ɓata. Tsokar ta tsaya, tana ɓarewa fari fat. Da an bi tawa, da kunun muka sayar. Ba zan faɗa mata ba, kanta zai kumbura.

Na dai aika wa maƙeri ya yi sabon zarto, mai ƙaramar ƙota. Na Gottfrid ya yi mata girma.