Ƙwayoyin da Kika Ƙulle a Gefen Zani

Zuwa ga Sauda, sanyin idona, inuwar ɗorawata a tsakiyar bazara, ruwan randata, matata,

Ina miki sallama irin ta mutumin da gida ya yi wa faɗi. Tun da 'yarmu Fadima ta tafi da ke asibitin birni, ko kajinki sun daina leƙo ɗaki. Ni kaɗai nake cin tuwo, in ma na ci.

Jiya ta kira ni tana kuka. Ta ce kullum kina kwanciya ƙarƙashin injin gashi mai ƙona cuta da haske, a rufe miki fuska, ba ki taɓa gardama ba. Amma ƙwayoyin da likita ya ce ki haɗiya kafin a shiga da ke, ta same su ƙulle a gefen zaninki. Wai sai an gama gashin za ki sha, don Inna mahaifiyarki ta koya miki ba a haɗa magani biyu, ɗaya yana karya ɗaya. Haba, Sauda!

Allah ya jiƙan Inna, ta san sassaƙe da saiwa, amma ba ta taɓa ganin irin ciwon dajin da ya tsiro a ƙwaƙwalwarki ba. Shi ba ya jira. Ƙwayar ce take raunana shi, hasken injin ya same shi a galabaice. In kika raba su, kin tura kowannensu yaƙi shi kaɗai.

Kin san ni. Na karanta kimiyya a Dawakin Tofa, na koyar har alli ya dusashe mini murya, aka yar da ni kamar tsohon buhu, na dawo kan fartanya. Na daina yarda da mai babbar riga, na daina yarda da mai farar riga. Amma likitan nan bai ce za ki warke ba. Cewa ya yi haɗin zai iya ƙara miki kwana, da yardar Allah. Rabon da ma'aikaci ya faɗa mini gaskiya haka har na manta, shi ya sa na yarda da shi.

Kin tuna ranar da ruwa ya tare mu a hanyar Gezawa, kina bayan kekena, muka fake gindin tsamiya? Ina ta zagin hanya da masu gyaranta, ke kuwa kina matse mayafi kina dariya, kika ce in yi shiru in ji ƙamshin ƙasa. Yanzu wa zai ce in yi shiru? Gero ya fid da kai, wake ya rufe kunya, wa zan nuna wa?

Ba dogon zamani nake roƙo ba, ya tauraruwar asubata. Damina ɗaya ce, in Allah ya so ya ɗora wata a kai. Na san ƙwayar za ta tayar miki da zuciya, na san sumarki tana zuba a kan matashi. Ki dawo mini ko babu kitso ko ɗaya, wallahi ke ce dai.

Ki kwance ƙullin nan. Gobe da safe, kafin a kira sunanki, ki karɓi ruwa a hannun Fadima ki haɗiye. In kin ƙi, zan bar wa tsuntsaye geron bana, in zo in zauna a ƙofar ɗakin gashin da kofi a hannuna, har sai kin ji kunyar furfurata.

Naki tun daga ranar lalle har ranar likkafani,
Khalilu