Girbin Gonar Chindo

Cadawa, Agusta 1960

Zuwa ga matata Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu Tala. Yaya jego? Ki gaishe mini da Inna da Baba da mutanen Tsibiri duka.

Ni dai jikina lafiya, amma zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Tun da aka sauke tutar Faransa, magana ɗaya nake sha a kasuwa: tunda Nasara ya tafi, addininsa ma ya bi shi. Baturen da ya bar mini riƙon majami'ar nan kuwa bai dawo ba, ban kuma ga alamar zai dawo ba. Ran Lahadi tabarma biyu ta ishe mu. Har Chindo, wanda yake ba mu waƙa, ya daina zuwa. Ya ce ya gaji da zama bare a garin ubansa. In na gaishe shi a hanya, sai ya amsa yana kallon ƙasa.

Na samu saƙon yayanki Maikuɗi cewa ana neman masu lakol, wato masu karatun boko, a buro, ofishin gwamnati, a Maradi. Kada ki ce masa na yarda, kada kuma ki ce na ƙi. Ni kaina ban sani ba.

Mijinki,
Sanda

Cadawa, Satumba 1960

Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. An ce mini Tala ta fara dariya, ni kuwa ina nan ban gani ba.

Kin tuna Baturiya, tsohuwar garin nan da kuturta ta kama, ta je ta yi jinya a kudu, hayin iyaka? Na kai mata itace, ta ga fuskata, ta zaunar da ni. Ta ba ni labarin wata farkawa da ta gani a can tun tana da ƙarfinta. Ta ce masu bi sun yi sanyi kamar mu, sai wata shekara abu ya sauko musu. Waɗanda ba sa ga maciji suka ci tuwo a akushi ɗaya, mata na daka suna addu'a, mutane na tahowa daga ƙauyuka a ƙasa don su ji.

Barira, tun daga ranar na rasa sukuni. Na sa mana azumi. Na kira taron addu'a, na yi wa'azi har muryata ta dushe. Ina yi ina leƙen ƙofa, ko zan ga jama'a sun ɓarko. Ba wanda ya shigo sai akuyar maƙwabta. Wasu ma cikin namu suka fara gunaguni, wai ina hana su zuwa gona. Na koma wurin Baturiya da haushi, na tambaye ta me suka yi da ban yi ba. Ta ce ita ba ta san sun yi wani abu ba. Wannan amsa ta fi komai ƙona mini rai.

Na fara ɗaure kayana sau biyu, ina kwancewa. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Sanda

Cadawa, Oktoba 1960

Matata Barira,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna, Allah ya saka mata da wahalar da take yi da ku.

Kurkunu ya kama Chindo a ƙafa biyu. Kowa ya girbe hatsinsa, nasa na tsaye, tsuntsaye na ci, ga makiyaya sun kusa sako shanu. Ran Lahadi ina shirin buɗe Littafi sai Baturiya ta ce ita yau a gonar Chindo za ta yi sujadarta. Ta fita da sandarta, ita da ba ta da yatsun riƙe wuƙa. Kunya ta tashe mu duka.

Muka shiga yanka. Ita tana tara zangarniya da dungulminta. Can sai ga ƴan'uwan Chindo, Musulmi, waɗanda suka daɗe ba su amsa sallamarmu ba. Suka tsaya a bakin gona suna kallo, daga baya babbansu ya tuɓe riga ya shigo, saura suka biyo shi. Aka ɗauko Chindo a jaki aka ajiye shi a inuwar gawo. Muka ɗauki waƙa muka ɓata ta, don ba mai ba mu. Daga inda yake zaune ya gyara mana, hawaye na zuba. Kafin rana ta faɗi dammansa na cikin rumbu.

A hanyar gida na tambayi Baturiya ko wannan ce farkawar. Ta ce, "Ɗana, mu ma lokacin ba mu san sunanta ba. Sai da ta wuce mutane suka sa mata."

Chindo bai zo majami'a ba tukuna, ban kuma matsa masa ba. Amma matarsa ta aiko mini da fura, kuma jiya wasu daga Gangara sun zo tambaya ko gaskiya ne abin da suka ji. Suna da wata gwauruwa da gonarta ke tsaye. Jibi za mu tafi, har da yayan Chindo.

Ki ba Maikuɗi haƙuri, ki ce na gode. Ke kuma da kin gama wanka ki taho da Tala. Ban yi miki alkawarin majami'a ta cika ba, amma ba za ki same ni ni kaɗai ba.

Mijinki mai kewarki,
Sanda